Kanwar Hajiya da Karen Madam Perrin

Villeurbanne, 3 ga Agusta, 1985

Zuwa ga masoyiyata Balkisa,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da Hajiya Rékia da ta riƙe mini ke a Saint-Denis, gefen Paris. Ni lafiya lau, sai kewarki.

Albishirinki, na samo mana ɗaki! Gidan wata tsohuwa ne, Madam Perrin, kusa da jami'a, ɗakin sama mai taga biyu da wurin girki. Ta yarda in zauna da iyalina, ba kamar gidan ɗalibai ba da ko inuwarki ba a bari ta shiga. Amma da sharaɗi. Ta tafi hutu wurin ɗiyarta, ta bar mini kyanwarta Minu da karenta Biju. In ta tarar da su yadda ta bar su, ɗaki namu ne. In ba haka ba, akwai wani ɗalibi da ke jira.

Kin san ni da kare. Da sandar tsintsiya nake tura masa kwano.

To jiya sai na ga Biju yana jan gindi a ƙasa, kashin Minu kuma da wasu farare kamar shinkafa suna motsi. Tsutsar ciki ce. Na je farmasi, aka jera mini ƙwaya, da siro na sha, da wani kamar man goge baki, na kare daban, na kyanwa daban, kuma wai sai an san nauyin kowa. Kaina ya ɗaure. Abokina Moutari ya ce in bar fi'ilin Turawa, a Maradi rago da akuya da jaki duk kanwa ɗaya ke wanke musu ciki. Na ga gaskiyarsa. Ki roƙar mini Hajiya kanwa ungurnu mai kyau.

Naki har kullum,
Bukari

Villeurbanne, 14 ga Agusta, 1985

Balkisata,

Ina gaishe ki, ina gaida Hajiya. Yaya jikinki da zafin Paris?

Kanwa ta iso, kuma saura kaɗan ta raba mu da ɗaki. Na jiƙa ta da kauri yadda Baba ke yi wa ragon layya, na zuba romo a kai. Minu ta sansana ta yi gaba abinta, ta fi ni hankali. Biju kuwa ya lashe kwano tas. Kafin la'asar ya fara amai da zawo, ya kwanta yana rawar jiki, yana dubana. Wallahi tsoro ya kama ni, da tausayi. Ban san lokacin da na rungume shi a ƙirji ba, na fita da gudu da silifa, har wurin likitan dabbobi.

Likitar mace ce. Da na nuna mata kanwar ta riƙe baki, ta ce cikin kare ba cikin rago ba ne. Ta yi masa allura, ta ce in bari ya huce tukuna. Ranar da na koma da su biyun ta aza kowa a sikeli, ta zaɓa wa Biju ƙwaya daidai nauyinsa, Minu kuma mai kamar man goge bakin, da hodar kashe ƙuma, don ta wurin ƙuma tsutsar ke shiga. Biju ya haɗiye tasa cikin cuku. Minu sai da na naɗe ta da tawul na yi mata ɗura, ta bar mini zane uku a hannu.

Yanzu garau suke, tsutsa ta fita. Abin da ke damuna shi ne bakin maƙwabta. Ki taya ni addu'a.

Mijinki,
Bukari

Villeurbanne, 2 ga Satumba, 1985

Balkisata,

Gaisuwa a gurguje. Ina fata kowa lafiya.

Madam ta dawo jiya. Tun kafin ta aje jaka, maƙwabciyarta ta tare ta a bakin ƙofa ta zayyane mata komai. Ina tsaye a matakala, na ce shi ke nan, mun rasa. Ta duba Biju ciki da bai, ta duba Minu, sannan ta sa na kawo sauran kanwar. Ta ɗanɗana da kan harshe, ta yamutsa fuska, ta yi mini faɗa sosai.

Da ta gama sai ta zauna. Ta ce tun ranar farko ta lura ina kewaye karen kamar wuta, ta tafi ne da zullumi. Ta ce mutumin da ke tsoron kare haka, amma ya ɗauke shi a ƙirji ya ratsa unguwa da gudu, shi take so a saman kanta ranar da ita ma ta faɗi. Ta miƙo mini mabuɗi biyu, ta ce ɗaya na matata ne.

Ki hau jirgin ƙasa na safe ranar Asabar, ina jiranki a tashar Part-Dieu. Ki yi wa Hajiya godiya, Allah ya saka mata. Kada ki amsa wannan wasiƙa, na gaji da jin muryarki a takarda.

Mijinki mai jiranki,
Bukari