Na mayar da mako goma sha huɗu shida, yanzu wani ake shirin kora

Assalamu alaikum Anti, da ku masu karatu. Don Allah a sakaya sunana, kuma ku karanta har ƙarshe kafin ku fara zagina, domin na riga na zagi kaina fiye da yadda za ku iya.

Shekarata goma sha shida, a Lugbe muke. A gidanmu ko ƙofa ce ta buga, sunana ake fara kira kafin a duba ko iska ce. Amma wannan karon abin ya wuce ɓoye rimot.

Yayana yana da kamfanin haɗa manhajar waya, shi da abokinsa Danjuma, ɗan Karu, wanda ya bar aikinsa ya biyo shi. Kamfanin dai kwamfuta biyu ne da fanka ɗaya a falonmu. Wata Hajiya mai makarantar kuɗi ta nemi su yi mata manhajar da iyaye za su riƙa duba sakamakon 'ya'yansu a waya. Suna da wata al'ada: kowane guntun aiki sai su rubuta masa lamba uku a littafi, na lokacin da zai ɗauka. Ta farko idan komai ya tafi daidai, ta biyu idan an ɗan sami matsala, ta uku idan an ɗauke wuta, intanet ya ƙi, mai aikin kuma ta canja ra'ayi. Yaya ba ya taɓa ba wa kowa ta farko, yana cewa wannan lissafin 'yan Aljanna ne. Kwana biyu suna musu, Danjuma na cewa a rage kada wani ya ƙwace aikin, Yaya na cewa a'a. Aka tsaya a mako goma sha huɗu.

Sai aka ba ni littafin in buga takardar da za a kai wa Hajiya a kwamfuta, saboda na fi su sauri. A nan Shaiɗan ya jawo kujera ya zauna kusa da ni. Yaya ya yi mini alkawarin in ya gama aikin zai kai ni Kano bikin 'yar kawunmu. Na ƙirga, na ga kafin mako sha huɗu amarya ta fasa rabin kwanukanta. Na duba jimlar lambobin farko, na ga mako shida. Ai su suka rubuta da hannunsu, ƙarya na yi? A tunanina lalaci ne kawai, in an matsa musu za su yi. Na buga shida, na sa wa Danjuma a filash ya je shago ya fitar. Yaya ya sa hannu a kan but ɗin mota bai karanta ba, yana sauri kada cunkoson Nyanya ya tare su.

A mako na huɗu Hajiya ta kira, cikin fara'a ta ce saura mako biyu ko? Ta riga ta sanar da iyaye, ta hana a buga katin sakamako na takarda. Manhajar kuwa in ka buɗe ta, sai ta nuna maka hoton makaranta ta mutu. Ni kuma da na ji, na lallaɓa na goge abin da na buga daga kwamfutar.

Tun ranar gidanmu ya yi tsit. Yaya bai yi faɗa ba, kuma wannan ne ya fi tsorata ni. Ya canja lambobin sirri, ya mayar da kujerar Danjuma bayan ƙofa. A wurinsa magana a fili take: wa ya dage a rage lokaci? Wa ya fita da filash? Ina kicin na ji Danjuma yana cewa, "Oga, Allah ya sani ban taɓa komai ba. Abin da ƙanwarka ya ba ni, shi na fitar." Yaya ya ce a hankali, "Kada ka sa yarinya a cikin wannan."

Da Danjuma zai tafi ya ajiye wa Umma doyar gonar babansa kamar kullum. Ya tsaya ya dube ni ya ce, "Ƙanwata, ke ka san gaskiya." Ni da bakina ba ya rufuwa ko a layin asibiti, ranar sai na juya na shige kicin.

Jibi Asabar za a zauna gaban Abba da kawun Danjuma a raba kamfanin. In aka rabu a haka, duk masu wannan sana'ar za su ji cewa Danjuma yana canja takarda bayan an gama magana. Wa zai sake ba shi aiki? Yaya ya ce in zo in faɗi lambar da na buga, ni ce shaidarsa. Ya kuma ce in shirya kayana, ko aiki ya ƙare ko bai ƙare ba zai kai ni bikin, tunda ni ban taɓa cin amanarsa ba.

Ga jakar can na kasa buɗewa. Jama'a, kafin Asabar, me zan yi?