Ƙidaya a Aroab

Meme, mahaifiyata,

Ina gaishe ki da babana Tate. Yaya ƙafar kakata Kuku? Gero ya nuna a can gida Okalongo?

Lafiyata ƙalau, kada ki damu. Sai dai aikin ƙidayar nan a kudu ya ishe ni. Jiya mun yini cur a mota, daga dutse sai yashi, muka tarar da tsoho ɗaya tal. Na ce, "Oupa, ku nawa ne a gidan?" Ya ce, "Da tumaki ko ban da su?" Kuma ba wasa yake ba.

Ki aiko mini garin gero, naman tunkiya ya ginshe ni.

Idan masu ƙidaya sun zo, ki sa a rubuta ni a gida. Ba zan ƙara wa wannan kufai mutum ba.

'Yarki,
Ndilimeke