Hujjojin da Ka Jero Mini a Zaman Makoki

Zuwa ga yayana, marigayi Malam Sani na Paki,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwar da ta kamaci ƙane ga wansa, ina fatan Allah ya yalwata maka makwanci.

Na daɗe da maganar nan a ciki, Yaya. Damina ta biyu bayan Turawa sun miƙa mulki, ƙyanda ta ɗauke mini Hadiza da Bello cikin kwana shida. Ina koyarwa a firamare a Makarfi. Kafin kekena ya iso Paki an binne Hadiza. Bello a hannuna ya cika.

Ranar sadakar uku, muna zaune a zaure, bakina ya suɓuce na ce, "In Allah yana nan, me yaran nan suka yi masa?"

Ba ka jira masu ta'aziyya sun watse ba. Ka gyara zama, ka shiga jero dalilai: ɗaki ba ya gina kansa, dawa ba ita ta koya wa kanta fidda kai ba, kowane abu da mafarinsa har a tiƙe ga wanda ba shi da mafari. Jama'a na ta gyaɗa kai. Ai duk na sansu, a gaban Baffa muka karanta tare. Da ka ga ban gyaɗa kai ba, sai ka ce boko ya cinye mini imani.

Maganar ta riga ni isa Makarfi. Iyaye suka janye 'ya'yansu daga ajina. Surukina ya zo ya tafi da matata Rabi, wai babu aure tsakaninta da wanda ya yi ridda. Da ka buɗe baki sau ɗaya, da an mayar mini da matata. Ka fi jin tsoron a ce malam ya janye maganarsa.

Ban taɓa barin salla ba, amma ba hujjarka ce ta riƙe ni ba. Tsoho Ɗanjuma ne, mai haƙa kabari, wanda da ƙyar yake kai Fatiha ƙarshe. Duk Juma'ar da na zo gida yakan zauna kusa da ni, ya ɓara goro ya miƙo mini rabi.

Da ka rasu, ni na yi maka wanka. Na ga yadda ka rame, na tuna wannan bayan naka ne ya goya ni muna yara, na yi kuka. Amma na kasa cewa na yafe. Har yau ina ƙoƙari, Yayana.

Allah ya gafarta maka, ya sada ka da yarana, ya yi maka hisabi da sauƙin da ban samu a wurinka ba.

Ƙanenka,
Isa