Gadar da Baba Ya Rubuta

Woolwich, Landan

Zuwa ga Baffa Uwaisu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali. Allah ya ƙara maka lafiya, ya sa ciwon gwiwar nan ya yi sauƙi. Mu nan ƙalau muke, in ban da yayanka, Baba. Saboda shi na rubuto.

Mantuwarsa ta ƙaru. Sunana ma sai ya lalubo, amma shekarar 1962 tana nan daram a kansa. Ka san lokacin yana ƙaramin ma'aikaci a Kaduna, ana haɗa tsarin raya ƙasa na farko bayan samun 'yancin kai, aka tura su ƙauyuka su rubuto abin da kowane gari ke buƙata. Shi ya rubuta gada a rafin garinmu, rafin da ya ci ƙanwarku Nimatu. Yanzu kullum da safe sai ya sa kaftani, ya ɗauki tsohon fayil ɗinsa, wai yau ake rufe karɓar takardu.

Ranar Talata na shiga wanka, na fito babu shi. Baffa, babu inda ban duba ba. Sai bayan la'asar aka same shi can tsakiyar Landan, a Charing Cross, ƙofar ofishin jakadancinmu, ana ruwa, ya cusa fayil cikin riga, shi kuwa ya jiƙe sharkaf. Mutumin da ke ɓata tsakanin ɗaki da kicin, wai ya hau jirgin ƙasa shi kaɗai! Ma'aikaciyar council, wato ƙaramar hukumarmu ta nan, ta ce in ya sake ɓacewa, sai dai gidan kula da tsofaffi. Wallahi ina tsoro. Wa zai ji Hausarsa a can?

Maigidana Baha'uddeen ya ce mu gaya masa an gina gadar, kowa ya huta. Na gwada. Baba ya harare ni, ya ce a ofishinsu ba a rufe fayil sai ɗan gari ya shaida ya taka aikin da ƙafarsa. Kuma shaidar Uwaisu kaɗai zai karɓa, don bai taɓa yi masa ƙarya ba.

Na san har yau, in damina ta yi, naɗe wando kuke yi ku tsallaka. Ba zan iya ce maka ka yi ƙarya ba, ba zan kuma iya ce maka kada ka yi ba.

Ka gaishe da Gwaggo Mariatu da Abdul-Basit da Nusrat. Ranar Juma'a, in an sauko daga masallaci, zan kira ka, in miƙa masa wayar.

'Yarka,
Muhibbat