Aron Ajin Lissafi

Litinin, 3 ga Fabrairu
Malamar lissafi ta haihu. Shugaban makaranta ya ce in riƙe mata aji biyu kafin ta dawo. Na ce, “Ranka ya daɗe, tarihi fa nake koyarwa.” Wai ai alwatika ce kawai. Kawai!

Laraba, 5 ga Fabrairu
Na karanta musu abin da ke littafi: kusurwoyin alwatika digiri 180, na siffa mai gefe huɗu 360. Sai wata 'yar siririya da suke kira Uwar Tambaya ta ɗaga hannu: “Malama, me ya sa 360?” Na ce gobe. Allah ya taimake ni aka kaɗa ƙararrawa.

Alhamis, 6 ga Fabrairu
Ba ta manta ba. Na sake cewa gobe. Kallon da ta yi min bai yi min daɗi ba. Wata uku a haka, ai sai su raina ni.

Asabar, 8 ga Fabrairu
Na zauna a tsakar gida da kwalin sabulu da almakashi. Maigida ya leƙo: “Ke kuma yau wasan yara ake ji?” Ban kula shi ba. Na yanka alwatika biyu iri ɗaya, ina ta juya su, har dogayen gefunansu suka haɗu. Ga gefe huɗu! Ashe alwatika biyu ce a ciki, 180 sau biyu. Na yi ihu har Auta ta fito da gudu, ta zaci kunama ce.

Litinin, 10 ga Fabrairu
Kowa ya yanka nasa. Aji ya cika da guntayen kwali. Uwar Tambaya ta ja layi a kan mai gefe huɗunta daga lungu zuwa lungu, sai ta ce, “Au!” Shi ke nan abin da ta ce. Ya ishe ni.

Talata, 4 ga Maris
Mun shiga mai gefe biyar. Alwatika uku. Ban duba littafi ba.

Litinin, 5 ga Mayu
Mai aji ta dawo, na miƙa mata kayanta. Na huta, alhamdulillahi. Da zan wuce ta tagarsu na hango allo: 90, 110, 85, nemo kusurwa ta huɗun. Saba'in da biyar. Ba wanda ya tambaye ni. Na dai ɗan tsaya har suka samo, wai ina gyara takalmina.