Bismillar da ba a ci

Talata da dare, Agege

Kaina ya ɗaure. Mai gadin da na ƙirƙira a wasan kwamfutarmu yana gaisuwa, har iyali yake tambaya. Yau na ba Yaya Rabi ta gwada. Ta buɗe kwanon shinkafa a cikin wasan, ta ce masa bismillah. Gogan ya zauna ya cinye tas.

Ta ce, "Wannan ba shi da kunya! Tayi fa aka yi masa."

Na ce, "To yaushe ake ci, yaushe ake cewa an ƙoshi?"

Ta ce, "Kai ma ka sani."

Na sani, amma yaya zan koya wa na'ura? Ogan kamfaninmu na jiran aikin ran Juma'a. Ni kaina jiya da maƙwabci ya yi mini tayi, na ce masa na ƙoshi, cikina yana ƙugi.