Ranar da Na Riƙe wa Inna Takalma

Gummi, Jihar Zamfara

Zuwa ga autarmu Safara'u,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan takardar nan za ta same ki lafiya, ke da maigidanki Badaru da yara a can Fatakwal. Allah ya ƙara muku lafiya da rufin asiri. Mu nan kalau muke, gero ya fara fitar da kai, matata Fa'iza kuma ta yaye Lukman, yana ta rigima irin taki ta ƙuruciya. Na zaɓi rubutu ne don na san halinki a waya, ba kya barin mutum ya kai aya.

Maganar Inna ce. Kin san ciwon gaɓoɓin da ya lanƙwasa mata yatsu, da magungunan da likita ta ɗora ta a kai a Gusau. Kumburin ya ragu har muka saki jiki. Amma tun bayan ƙaramar salla Inna ta canja. Ta daina fitowa tsakar gida, abinci sai an matsa mata, barci ya ƙaurace mata. Sai ta fara rabon kaya. Tukunyar daddawarta ta ba maƙwabciyarmu Uwani, zannuwanta na ƙasan akwati ta aika wa dangi a Bukkuyum. Mu kuwa muna ta yabo, wai tsohuwa ta kama sadaka.

Ga inda laifina yake. Duk wata ni nake kai ta, ni nake shiga da ita wurin likita, don ni ne babba. Na manta ni ɗan fari ne. Matar da shekara arba'in da huɗu ba ta taɓa kiran sunana ba, ko abinci ba ta ci a gabana, ita na zauna wa a gefe ina jiran ta buɗe cikinta. Likita ta tambaya, Inna ta sunkuyar da kai ta ce da sauƙi, ni kuma in ƙarasa mata sauran, ina ganin kaina ɗa na gari.

Wancan watan Goggo Marka ta bi mu don a duba mata ido. A bakin ƙofar likita ta harare ni, ta ce wane irin rashin ta-ido ne wannan, in riƙe musu takalma in jira a waje. Na ji haushi, amma na zauna. Da suka fito Goggo ta ja ni gefe. Ta ce Inna ta yi kuka, ta ce tun da hannunta ya daina aiki ba ta ga amfaninta ba, kullum fatanta kada ta wayi gari, rabon kayan nan kuwa sallama ce take yi da mu. Safara'u, wata biyar ina zaune kusa da ita ban sani ba. Abin yana yi mini ciwo har yau.

Likita ta bayyana mini cewa masu wannan ciwo suna saurin faɗawa cikin ciwon damuwa, saboda raɗaɗin da ba ya ƙarewa da zaman da yake tilasta musu, kuma ƙaramar farar ƙwayar nan da ke cikin magungunanta tana iya taɓa barci da yanayin zuciya. Ta hana mu tsayar da ita farat ɗaya, ta ce a hankali za a rage. Ta haɗa mu da likitan ƙwaƙwalwa. Kada gabanki ya faɗi, ba hauka ba ne, ba kuma iska ba ce, ciwo ne mai magani. Yanzu ba a barinta ita kaɗai, magungunan kuma suna hannun Fa'iza. Uwani ta dawo da tukunya, tana dafa kalwa a gidanmu, Inna tana daga tabarma tana yi mata faɗan ba ta dahu ba.

Abin da nake roƙo, ke auta ce, babu kunya tsakaninku. Ki riƙa kiranta kullum, in ta ce da sauƙi kada ki karɓa, ki ci gaba da tambaya. In Badaru ya amince, ki zo ko na mako biyu ne.

Jiya Goggo ta kawo mini saƙon Inna, kalma da kalma: "Hwaɗa ma yaron ga ba ƙinai nikai ba. Bakina na ba ya buɗuwa gabanai."

Fa'iza da Goggo Marka suna gaishe ki. Ki gaishe da Badaru da ƙaramar Fatsuma. Jibi za mu koma Gusau in Allah ya yarda. Ni zan kai su, ni kuma zan riƙe takalma.

Yayanki,
Sufyanu